Injin Samfefa da Yatsun Kafinta

Yatsun ne suka fara juya wa Kafinta baya. Sai ya ɗauki ƙusa, ya ji ƙararta a ƙasa kafin ya san ta suɓuce masa. Likita ya ce ciwon suga ne ya taɓa jijiyoyin, ya kuma ce ya rage aikin hannu, sai ka ce akwai wani aikin da kafinta ke yi da ƙafa. Idon ma ya soma gani dishi-dishi. Matarsa ta san da maganar, tunda ita ke sa masa maɓallan riga da safe tana yi kamar ƙura take kaɗe masa, amma ba ta san abin ya kai inda ya kai ba. Shi kuma bai faɗa ba.

Ana cikin haka sai ga Auta, 'yarsu ta ƙarshe, da cikinta na fari ya fito sosai. Ta zauna a bakin shagon da ke jikin gidan tana fifita da guntun kwali.

"Baba, gadon jaririn nan fa kai za ka yi min. Ni ban son na kasuwa."

"Da wa zai yi, in ba ni ba?" in ji shi.

Yanka da haɗi ba su gagare shi ba, shekaru sun riga sun koya wa kafaɗunsa wannan. Guga ce ta tsaya masa a rai. Gadon jariri duk sanduna ne sirara, jariri kuwa ba abin da ba ya cafka ya kai baki, kuma sartse ɗaya ya isa. A da, ido a rufe yake shafa katako ya nuna maka inda samfefa ba ta kai ba. Yanzu ko sandar ya shafa ko bangon shagon, duk ɗaya yake ji, wato ba ya jin komai.

Shi ya sa ya yaye buhun da ke kan tsohon injin da ke kwana a lungu. Na maigidansa ne da ya koya masa aiki, ƙarfe zalla, mai ganguna biyu da bel ɗin samfefa ke zagayawa a kansu. Shekara da shekaru Kafinta yana kiransa injin malalata. Yanzu ga shi durƙushe a gabansa yana lallashi. Lissafinsa mai sauƙi ne: inji ba ya buƙatar yatsu masu ji. Ka sa bel mai kaushi, ka bi da matsakaici, ka ƙare da mai laushi, katako ya fito sumul ko kana ji ko ba ka ji.

Injin ya rama zagin da aka yi masa. Ɓeraye sun yi gida a cikinsa, tsatsa ta kama notuna, boris ɗin da gangunan ke juyawa a kai ya ƙafe. Kafinta ya jiƙa komai da kananzir, ya riƙa kwancewa yana kafe kowane noti da ido, domin in ya ɗauke kai yatsun sai su sake shi. In wasa, 'yar zoben ƙarfen da ke ƙarƙashin noti, ta faɗi, sai ya bi ta da rarrafe cikin garin katako yana tsaki. Motar lantarkin da ke juya injin kuwa ya kai wa mai naɗin koyil da ke bakin titi, wanda ya juya ta ya ce, "Baba, wannan ai ta girme ni, sai dai in gaishe ta." Amma ya naɗa ta. Ranar da aka ɗaura aka kunna, gangunan suka juya da wani gurnani mai nauyi, Kafinta ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba.

Daɗin bai je ko'ina ba, domin babu bel. Ya ɗauki ruɓaɓɓen da ya ciro a jikin injin ya bi layin masu kayan aiki shago-shago. Wannan ya gaza tsawo, wancan ya gaza faɗi. Wani ya ce an daina yin irinsa tun kafin ya buɗe shago. Wani ya yi dariya ya tambaye shi ko a kabari ya tono shi. Na ƙarshe ya tausaya, ya ce ya sayi samfefa ta naɗi ya yanka a karkace, ya kankare yashin bakin da reza, ya haɗa da gam.

Ya gwada. Rezar ta yi ta zamewa, gam ya yi yawa a nan ya yi kaɗan a can, mahaɗin ya fito da tudu. Da ya kunna, bel ɗin ya yi ta dukan ganga kamar mai ɗingishi, can ya tsinke ya zabga wa bango mari. Matarsa ta leƙo ta ƙofar tsakar gida.

"Malam, kai da wa kuke faɗa?"

"Ni da kaina," in ji shi.

Cikin Auta kuwa bai jira kowa ba. Ta zo ta ga gadon a tsaye babu sanduna, ta kai hannu za ta shafa, ya ce kada ta taɓa tukuna. Ta dube shi, ta yi murmushi, ta ce ba sauri take ba. Ya san ƙarya take yi don kada ta tayar masa da hankali, abin ya ƙara ƙona masa rai.

Mai naɗin koyil ne ya tuna da wani tsoho da ya rufe shagonsa ya kwashe ragowar kaya zuwa ɗakin ajiya a bayan gidansa. Can Kafinta ya same su, rataye a ƙusa, an ɗaure da igiya, tsawo da faɗi cif. Sai dai lambobin da ake bugawa a bayansu sun goge, ga ƙura ta mai da su kala ɗaya.

"Duk sun cakuɗe," in ji tsohon. "Akwai masu kaushi, akwai masu laushi. Kai ne kafinta, taɓa ka ji."

Kafinta ya ɗora babban yatsa a kan ɗaya, ya goga, ya gyaɗa kai irin na masana. Ya goga na biyu ya sake gyaɗa kai.

"Duka zan ɗauka," ya ce.

A shago ya tura ƙofa ya sa sakata. Ya ɗauki bel ɗaya ya kai leɓensa na ƙasa ya goga a hankali. Leɓen ya ji. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ware su kashi uku, dattijo da farin gemu yana sumbatar samfefa a ɓoye. Kunya ta kama shi, sannan wata 'yar murna ta biyo baya, domin ko ba komai ya sami hanya. Wajen cin abinci matarsa ta tambayi abin da ya sami bakinsa, ya ce bushewa ce.

Washegari da hantsi ya ɗaura bel ya kunna. Injin ya tafi sumul, ba tudu ba ɗingishi. Ya kwantar da sanda ta farko, farin gari ya tashi, ƙamshin katako ya cika shagon. Da ya gama bin ta da mai laushi ya kai ta leɓe, ya ji santsi kamar bayan cokali. Ya yi dariya shi kaɗai. Ya jawo sauran sandunan, yana danne kowace da yatsu yana juya ta, har da 'yar waƙarsa a maƙogwaro.

Can ya ga wani jan layi ya bi tsawon sandar da ke hannunsa. Ya ɗaga ta wajen haske ya yi tsaki.

"Tsohon nan ya cuce ni. Ashe bel ɗin zuba yake yi."

Ya ajiye ta gefe ya ɗauki wata. Ita ma ta fito da ja, ya fi na farko faɗi, yana ƙyalli. Yana cikin tunanin yadda zai wanke fentin ne matarsa ta shigo da ƙwayar maganinsa da kofin ruwa. Ta dire kofin a kan benci, ta wuce ta bayansa ta zare wayar daga bango. Gangunan suka yi ta juyawa suna rage gudu har suka tsaya.

Ta cire ɗankwalinta ta naɗe masa hannun dama, ta riƙe da hannu biyu ta matse. Yana ganin yadda jijiyoyin hannunta suka tashi don ƙarfin riƙon. Ya jira zafin ya zo, bai zo ba. Ya dubi gadon da ke tsaye, da tarin sandunan da ba a taɓa ba, ya dawo da idonsa kan ɗankwalin da ke ta jiƙewa.

"Maman yara," ya ce a hankali, "gaya min, wane yatsa ne?"