Fayil ɗin da Yaya Zulkiflu Ya Watsa

Ranar da zan kai wa Malam Nagoda aikina na kammala karatu ya sa hannu, ranar manhajar da na rubuta ta ga damar yi mini tsiya. Aikinta ɗaya ne tak: ta buɗe fayil ɗin sunayen malamai ta fitar da jadawalin darussa. Na kunna ta a tsakar gidanmu a Tudun Wada, wai ita ba ta ga fayil ba. Ga shi kuwa ina kallonsa, folda ɗaya suke zaune.

Yaya Zulkiflu, wanda tun da ya gyara wa Inna rediyo yake jin kansa injiniya, ya karɓe kwamfutar.

"Ba ta gani ba? To za ta gani har ta gaji."

Ya ciro fayil daga filashina, ya bi kowace folda yana zuba kwafi kamar mai watsa wa kaji dawa. Manhaja ta tashi ba ƙorafi. Ko duba abin da ta fitar ban yi ba, na tari keke sai makarantarmu da ke unguwar Kongo.

A ofis Malam ya gyara tabarau, na kunna. Layin farko: "Nagoda Sarkin Gyangyaɗi, Litinin, ƙarfe biyu." Ashe tsohon fayil ɗin gwaji Yaya ya watsa, wanda na cika da sunayen da muke kiran malamai a ɓoye. Kunya ta kama ni, na so ƙasa ta tsage.

Malam ya karanta har ƙasa. Ya ɗan daɗe a kan "Dakta Sabo Sai-Gobe".

"Bahijja, daga ina kika kunna ta?"

"Daga babbar folda, Malam."

"To nan take dubawa. Ba ta neman fayil a inda take zaune, sai a inda kika tsaya kika kira ta. Ki sa ta fara gano mazauninta, ta bi hanya daga can. Sannan ki share kwafin nan duka."

Layi biyu na gyara, na sake kunnawa. Sunayen gaskiya suka fito, kowa da mutuncinsa.

Ya jawo takardar ya sa hannu. Na miƙa hannu biyu zan karɓa, ya riƙe ta.

"Tsohon fayil ɗin, turo mini kafin ki share. Na Sabo ya yi daidai. Nawa darasin kuma ki mayar da shi ƙarfe goma na safe, mu gani ko zan yi gyangyaɗin."