Ranar da Darakta Ya Zo Dubiya

"Kwance ɗankwalin nan, Tela, kin ɗaura shi daidai. A karkace nake so."

Na tsaya da hannuna a kanta ina kallonta ta madubi. Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka, ƙofata na kallon ƙofarta, ban taɓa ganin Yaya ta yarda an gan ta da ɗauri a karkace ba, ko da mai gyaran famfo ne ya ƙwanƙwasa. Na kwance, na sake ɗaurawa yadda ta ce. Sai ta sa na ɓalle maɓallan rigarta, na mayar da kowanne a ramin da ba nasa ba.

"Yaya, baƙi fa za ki yi, har da kyamara."

"Su nake yi wa kwalliyar."

'Yarta, wadda muke kira Malama saboda koyarwa take yi, tana tsaye a bakin ƙofa da kofin magani. Idonta ya kumbura. Kwana uku ke nan da likita ya sallamo su daga asibiti, ya ce ƙodar ta gama nata aikin, a kai ta gida a kula da ita.

"Mama, don Allah ki bari in kira shi in ce kada ya zo," in ji Malama. "Mutumin da ya kashe miki rayuwa, shi zai zo ya zauna a bakin gadonki yana washe baki?"

"Bar shi ya zo. Shekara goma sha tara ina jiran ya kira ni aiki."

Yaya 'yar fim ce, ko in ce ta taɓa zama. Lokacin da nake budurwa, in aka ce tana cikin fim, to ranar ɗinki ya tsaya a shagon da na koyi sana'a. Ta fito a uwa, ta fito a alƙaliya, ta fito a mahaukaciya, kowanne ka rantse a haka aka haife ta. Bayan na tare a gidan nan na gane ita ce a ɗakin da ke kallon nawa, sai da na yi sati ban iya gaishe ta ba tare da muryata ta yi rawa ba. Ita ta kashe min kunyar. Ta dogara sandunanta biyu ta shigo ɗakina, ta zauna kusa da keken ɗinki, ta kwaikwayi yadda nake lasar zare kafin in zura a allura, har da ƙanƙance ido ɗaya. Na yi dariya har na soke yatsana.

A nan kusa da keken ta riƙa yini, tana ba ni labarin aikinta. Ta ce wasa kallo ne kafin ya zama yi, wanda bai iya zama ya kalli mutane ba ba zai iya zama kowa ba. Ta ce yaran yanzu suna matse ido don hawaye ya fito, alhali mai kukan gaske ƙoƙarin hana kansa yake yi, a maƙogwaro ake ganinsa. Abu ɗaya ne ba ta taɓa ba ni labarinsa ba sai da muka shekara biyar tare, wato yadda aka yi ta koma kan sanduna.

A wani gidan bene suke ɗaukar fim. Za ta jingina da ƙarfen baranda tana yi wa wani magana a ƙasa. Kafintan da ke aiki da su ya girgiza ƙarfen ya ce ba zai ɗauki mutum ba, a ba shi awa ɗaya. Ita ma ta taɓa, ta ji yana lilo. Darakta ya dubi rana ya ce haske zai tafi, kuma shi ba ya aiki da matsorata. Ta jingina. Ƙarfen ya tafi da ita. Ƙashin ƙugunta ya karye wuri biyu, kyamara kuwa ba ta daina ɗauka ba.

Tana kwance a asibiti ya sake rubuta ƙarshen labarin, ya sa faɗuwar a ciki, da ihun da ta yi. Fim ɗin ya yi kasuwar da babu wanda ya taɓa yi a lokacin. Da 'yan jarida suka tambaye shi yadda hatsarin ya faru, sai ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi, ya ce ba ya son tona asirin abokiyar aiki, amma a buge ta zo ranar. Daga nan babu wanda ya ƙara kiranta. Mijinta ya yi wata shida yana jure gori a wurin aiki, sannan ya tafi. Malama kuwa tana 'yar shekara tara, a makaranta suka sa mata suna 'yar mashayiya.

"Fim tamanin da huɗu na yi, Tela," ta ce min ranar da ta ba ni labarin. "Ihu ɗaya ne a ciki ba wasa ba, kuma shi kaɗai ake tunawa."

To shi ne yanzu Darakta yake neman shugabancin ƙungiyar masu shirya fim, saura kwana goma zaɓe. Ya fara zagayen duba tsofaffin 'yan wasa marasa lafiya, ana nuna shi kai tsaye a waya. Da ya ji labarin Yaya, ya aiko a tambaya ko tana gane mutane. Ita da kanta ta sa Malama ta amsa da cewa hankalin ya fara tafiya, wani lokaci ko 'yarta ba ta ganewa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe motarsa ta tsaya a bakin layi. Ya shigo da farin kaya da ƙamshin turare, ya yi ƙiba, gashinsa ya sha baƙin rini. Wata mata na biye da shi ta ɗaga waya a kan ɗan ƙarfe, wani kuma ya rungumo kwandon lemo da ayaba. Ɗakin Yaya ƙarami ne, gado da kujera ɗaya da kwabar kaya, don haka ni da Malama muka manne da bango.

"Mun shiga, ranka ya daɗe, mutum dubu uku na kallo," in ji mai wayar.

Ya durƙusa a bakin gado ya sassauta murya. "Ranki ya daɗe, uwarmu a wannan sana'a. Kin gane ni?"

Na dubi Yaya. Matar da ta gama ba ni umarni ɗazu babu ita. Leɓenta na ƙasa ya saki, idonta na yawo a rufin ɗaki, yatsunta na tsinkar wani abu da babu shi a jikin bargo. Wallahi na san shiri ne, amma sai da na ji hawaye ya taho min.

"Likita?" ta ce da wata 'yar siririyar murya. "Likita, ka zo?"

Darakta ya juya ga waya ya girgiza kai cikin tausayi. "Kun gani ko? Haka rayuwa take." Ya koma gare ta. "Ni ne, Mama. Ina ke miki ciwo?"

"Nan." Ta kama hannunsa ta ɗora a ƙugunta, ta riƙe gam. "Faɗowa na yi, likita. Daga bene. Kafinta ya ce kada a hau, ƙarfen ya ruɓe. Wani mutum ya ce haske zai tafi."

Murmushin fuskarsa ya tsaya cak. Ya ja hannunsa, bai fito ba.

"Allah sarki, tsohon zance take tunawa," ya ce wa waya.

"Ina ƙasa ina ihu, likita, na ji shi a sama yana cewa kada a kashe kyamara. Ci gaba da ɗauka, ci gaba da ɗauka. Sau biyu ya faɗa. Ka san shi? Wai ya ce na sha giya." Ta yi wata dariya irin ta yara. "Ni da ko lemon kwalba ba na sha in zan yi aiki, don kada in yi gyatsa a tsakiyar magana."

Ya ɗaga wa mai wayar gira alamar ta kashe. Ita kuwa idonta na kan allo. "Ranka ya daɗe, dubu goma sha biyu," ta raɗa masa. Ya rasa yadda zai yi. In ya fizge hannu daga tsohuwa mai jinya, duniya na gani, in ya zauna, tana ci gaba. Gumi ya fara tsiyayo rinin gashinsa ta bayan kunne.

"Jama'a, a yi mata addu'a," ya ce da ƙarfi. "Ciwo ne, ba ta san abin da take faɗa ba."

Sai Yaya ta sake shi. Ta dafa gado ta gyara zama, abin da ta kwana uku ba ta iya yi ba sai an ɗaga ta. Ta sa hannu biyu ta daidaita ɗankwalinta. Leɓen ya koma wurinsa, idon ya dawo, ta dubi wayar kai tsaye da muryarta ta da, wadda ke cika ɗaki.

"Yau Talata, bakwai ga wata. Wannan 'yata ce, wannan maƙwabciyata ce, tela. Wannan kuma da ke durƙushe Darakta ne, tun daga takunsa a tsakar gida na gane shi. Duk abin da na faɗa haka aka yi. Kafintan yana raye, mai ɗaukar hoton yana raye, in suna tsoron Allah su yi magana." Ta juyo gare shi. "Ya ka ga wasan, Darakta? Ko a sake ɗauka?"

Ya miƙe, gwiwarsa ta bugi kujera, ya fita har yana tuntuɓe da takalman da ke bakin ƙofa. Mai kwandon ya tsaya yana raba ido.

"Ɗauki kayanka, ɗana," in ji Yaya. "Likita ya hana ni ayaba."

Suna fita ta zube a kan matashi, numfashinta na fita da ƙyar. Muka yi kanta da fifita. Da ta samu kanta sai ta kama hannuna, idonta na ƙyalli.

"Kin ga yatsun? Tsohuwar da ke gadon kusa da nawa a asibiti, sati biyu ina kallonta. Allah ya ba ta lafiya, ta yi min rana."

Kafin la'asar bidiyon ya zaga ko'ina. Washegari mai ɗaukar hoton, wanda ya tsufa ya bar sana'ar, ya fito ya ce shi ne ya riƙe kyamarar, kuma da kunnensa ya ji umarnin. Kafintan ma ya yi magana. A rana ta uku Darakta ya janye daga takara, wai saboda dalilin lafiya. Ni nake karanta mata abin da mutane ke rubutawa, tana kwance ido a rufe. In na zo kan masu yabonta sai ta ce in wuce. In na zo kan masu tsine masa sai ta ce, "Maimaita wannan, a hankali."

Darakta ya kira wayar Malama sau tara. A na goma ya turo saƙo, yana roƙon a ce da Yaya ta yafe masa. Malama ta karanta mata, sannan ta ce, "Mama, ko za ki yafe ɗin? Kin riga kin rama. Kada ki tafi da nauyi a zuciya."

"Wane nauyi? Rabon da in ji ni sakayau haka tun kina aji uku." Ta yi tari, na ba ta ruwa a cokali. "Ki rubuta masa, wadda zai roƙa ba ni ba ce. Ya nemo yarinyar nan 'yar shekara tara da ke dawowa daga makaranta tana ɓoye kuka a bayan ƙofa. In ta yafe, na yafe."

Malama ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta kashe ta, ta jefa a aljihun jaka, ta ci gaba da shafa wa uwarta mai a ƙafa.

Ranar Lahadi da hantsi ta cika. Ina zaune a gefenta ina ɗinke bakin wata riga da hannu, don ta ce ƙarar keke na sa mata ciwon kai amma tana son ganin ina aiki. Ta tambaye ni ko mai rigar doguwa ce, na ce gajera ce. Ta ce to in rage hannun. Na sunkuya na gutsure zare da haƙori, da na ɗago shi ke nan.

Mutane sun zo da yawa, har da waɗanda suka shekara goma sha tara ba su san hanyar gidan ba. Na tsaya a bakin ƙofa, duk wanda na ga ya ɗaga waya sai in ce ya mayar aljihu ko ya koma inda ya fito. Darakta ma ya zo, shi kaɗai, ya tsaya a bakin layi bai fito daga mota ba. Na tsaya ina kallonsa ta gilashi, ban ƙifta ba, har ya tayar da motar ya tafi.

Bayan kwana biyu da aka watse, ni da Malama muka fito da katifar tsakar gida don ta sha rana. Muka jingina ta da bango. Tsakiyarta ya lotsa daidai tsawon mutum, ɓangaren hagu ya fi zurfi, inda take kwanciya don ta sauƙaƙa wa ƙugun. Malama ta sa tafin hannu ta daddanna wurin, soson bai taso ba. Ta zauna a ƙasa kusa da ita, ni ma na zauna, rana na hawa bangon a hankali.