Ƙofa ta Huɗu

Shekara goma sha ɗaya motar marigayi ta yi a bayan gida, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinta. Babbar a-kori-kura ce ta da, mai ƙofa huɗu da taya bibbiyu a baya, tana cin mutum shida a ciki, ta kuma ɗauki kayan da zai karya ƙugun motocin yanzu. Da ita ya ci da gidan har Allah ya karɓi abinsa.

Umma, matarsa, tela ce, ba ta taɓa cewa a gyara ba. Ɗansu ne ya ɗauko aikin, wanda ake kira Tartsatsi, mai waldar ƙofofin gida da tagogi. Wata tara yana kanta. Ya sa aka sauke inji aka gyara, ya kankare tsatsa, ya ƙera sabon bodi da hannunsa. Abu ɗaya ya gagare shi, ƙofar baya ta dama. Ƙashinta na nan daram, amma fatar ta ruɓe kamar tsohuwar tabarma, kuma an daina yin irinta tun kafin a haife shi.

Filin da motar ke tsaye na Baffa ne, yayan marigayi, kuma gini zai yi. Ya ce ranar Asabar ko motar ta fita da ƙafarta, ko 'yan gwangwan su fitar da ita gunduwa-gunduwa. Mota mai ƙofa uku kuwa ba mai ba ta takardar hawa titi.

Ranar Alhamis da hantsi Umma ta fito shanya, ta tarar da Tartsatsi ya yi tagumi. Fallen ƙarfe biyu na yashe a ƙasa, duk sun sha guduma a banza. Na uku na jingine da bango, shi ne na ƙarshe mai kaurin ƙarfen da.

"Kai kuma lafiya, kamar wanda aka aiko wa da mutuwa?"

"Umma, sau biyu ina aunawa, sau biyu yana ɗangalewa. Yatsa uku ke rasawa ta ƙasa."

"Nuna mini yadda kake awon."

Ya je ga ƙofar hagu, mai lafiyar, ya ja tef daga sama zuwa ƙasa, ya miƙe shi sambal. Umma ta ajiye bokiti, ta shafa ƙofar da tafin hannu. Tsakiyarta a kumbure take.

"Allah ya shirye ka. Wannan ƙofar tumbi gare ta, kai kuma kana auna ta kamar ƙofar ɗaki. In na auna Baffanku haka, rigar a cibiya za ta tsaya."

"Umma, ƙarfe fa ba yadi ba ne."

"Na ji, malamin ƙarfe. Biyu ka ɓata, ni ban ɓata ko ɗaya ba. Matsa."

Ta shiga ɗaki ta fito da tsohon zanen gado, da allinta, da almakashinta da ba ta yarda kowa ya taɓa. Fil ba ya shiga ƙarfe, sai ta sa shi ya kawo maganaɗisun da yake riƙe aiki da su. Ta yi bismillah, ta shimfiɗa zanen a jikin ƙofar, ta lallaɓa shi ya bi tumbin ya kwanta luf. Ta zana gefe da gefe, ta zagaye gurbin mariƙi. Da ta zo yanka, sai ta bar yatsa biyu a bayan layin.

"Wannan rarar fa?"

"Kalmasa. Da me za ka naɗe bakin a jikin ƙashin? Da yawu?"

Ya yi dariyar da bai yi ba tun farkon mako. Ya karɓi zanen zai ɗora a kan fallen, ta doke masa hannu.

"Kifa shi tukun! Daga hagu muka ɗauka, dama za mu yi. Ni da ina koyo na taɓa ɗinka hannun hagu biyu, har yau ban manta zagin da na sha ba."

Ya kifa zanen, ya zana. Da ya tayar da injin yanka, ta ja da baya. In wannan ya ɓaci, bakinta ne ya ɓata shi. Ta koma kan kekenta, amma ko zare ba ta iya zurawa ba, sai salati take yi tana sauraron guduma. Wuni biyu yana bugu, yana gwadawa, yana komawa. In ya gaji sai ya leƙo ta taga ya ce, "Tela, zo ki duba." Ita kuma ta fito ta shafa, ta ce, "Nan da saura, ƙara masa kaɗan."

Asabar da safe Baffa ya iso, 'yan gwangwan biyu na biye da shi da kayan yanka. Ya zagaya motar hannu a baya. Ƙofar ba ta sha fenti ba, toka-toka take a cikin 'yan'uwanta shuɗɗa. Ya buɗe ta, ya tura. Ta rufe tim, ba ƙara, ba girgiza. Ya sake buɗewa ya buga da ƙarfi. Ya bi bakinta da farce yana neman inda ta ɗangale, bai samu ba.

"A ina ka samo ta?"

"Ba samo ta aka yi ba, Baffa. Ni na buga, Umma ta fitar da yankan."

Baffa ya dubi Umma. Ita kuwa ta gyara mayafi, ta ce, "Ikon Allah ne, Yaya. Da ɗan zanen gado."

Ya daɗe yana kallon sitiyarin ƙaninsa. Can ya juya ga mutanen nan biyu ya ce su yi haƙuri, yau babu aiki.

"Kai, tayar da ita mu ji."

Injin ya yi tari sau biyu, ya kama, har tagogin gida suka ɗauka. Maƙwabta suka fara leƙowa. Baffa ya riga kowa hayewa gaba, wai shi ya san hanyar ofishin masu duba motoci. Umma ta shiga baya ta dama, ta ja ƙofarta da kanta, ta sauke gilashi don kowa ya gan ta da kyau.

"A hankali dai," in ji ta. "Ba don tsoro ba. So nake su ƙare mata kallo."