Tulu a Ramin Gidan Lemoniya

Todoris ya kashe motar haƙa, ya diro cikin ramin, ya fito rungume da wani tulu. Da ya goge ƙasar da hannun riga sai ga zanen jirgin ruwa, an ɗaure wani mutum a jikin doguwar sandar jirgin, matuƙa na ta tuƙi.

Argiris, mai filin, ya matso ya duba. Nan yake gina wa 'yarsa Lemoniya gidan aure, biki kuma da an gama tsinkar zaitun. Kowa a tsibirin ya san doka: in kayan tarihi suka fito a filinka, aiki ya tsaya ke nan, masu binciken tarihi su zo da 'yan buroshinsu su yi shekaru suna sharar ƙasa.

"Mayar da shi mu rufe," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Kawu, ɗaga kanka ka gani."

Ga maƙwabciyarsa Fotini a kan katanga, waya a kunne. Ita dai ba ta taɓa barin labari ya kwana a cikinta ba.

Abin haushin shi ne, duk shagon kofi babu wanda ya kai Argiris rantsuwa cewa jarumin tsohuwar waƙar nan, wanda ya sha gararamba a teku kafin ya koma gida, shi ɗin da aka zana a jikin tulun, a gaɓarsu ya sauka. Har baitocin da ya haddace a makaranta yake rera wa baƙi. Yau kuwa addu'arsa a ce mutumin ko hanyar garin bai sani ba.

Da rana tsaka jami'ar kayan tarihi, Rodanti, ta iso a kan babur, rabin gari na biye da ita.

"Argiris, ga kakanka ya zo gaishe ka!" wani ya ɗaga murya daga baya. "Rera masa mana!"

Rodanti ta juya tulun, ta ƙwanƙwasa shi, ta kankare gindinsa da farce.

"Baba, a da mene ne a wurin nan?" ta tambayi Argiris.

"Rumfar wani mai sayar wa baƙi tsaraba ce, 'yata. Ta daɗe da rushewa."

"To, hajarsa ce. Fentin ma na gwangwani ne. Kai kanka ka girmi tulun nan."

Argiris ya zauna a kan buhun siminti yana dariya yana share hawaye, daɗi ya cika shi. Bai taɓa ƙaunar jabun kaya irin ta yau ba.

Rodanti ta leƙa ramin tana ɗaure hular kwano. "Ƙasar nan dai ina sonta. In kun ƙara zurfi kuka ga wani abu, a kira ni."

Da ƙarar babur ɗinta ta yi nisa, Todoris ya hau motarsa.

"Kawu, saura ɗakin ƙasa na ajiye man zaitun. In ci gaba?"

Argiris ya daɗe yana kallon ramin.

"Lemoniya ta ajiye manta a kicin," ya ce. "Sauko, a kwaɓa siminti."