Ingiricin Makabarta

Abin da na ɗauko: baƙar riga ɗaya, takalmin gona, jakunkunan takarda arba'in da babu komai a cikinsu, almakashi, mabuɗin gidan Mama, da takardar da yayana Emil ya aiko mini in sa hannu. Ban sa ba. Tana ninke a aljihun ƙofar motar da na yi haya a filin jirgin birnin Omaha.

Awa biyu ina tuƙi, masara dama, masara hagu. Shekara goma sha huɗu rabona da zama a nan. Ƙasar Holan na tafi karatun ƙasar noma da saiwoyi, na gama, aka ba ni aiki, na zauna. Mama ta rasu a watan Maris, a waya na kalli jana'izar. Yanzu an sassaƙa dutsen kabarinta, ran Asabar za a sa masa albarka, ranar idin cocinmu.

Zancen takardar gajere ne. Mama ta bar wa Emil gonar kwari, ni ta bar mini tudu, eka arba'in. Emil ke noma shi, yana so in sakar masa gaba ɗaya. Tudun kuwa kowane ruwa sai ya yage shi. Akwai kwazazzabo a gefen gabas da ina yarinya nake tsallake shi, yanzu yana iya haɗiye tarakta. Ni so nake in mayar da wurin ciyawa, irin wadda kakanninmu suka tarar da suka zo daga ƙasar Bohemiya. Ba irin kanti da aka noma a wata jiha ba. Namu, wanda ya san sanyinmu da farinmu.

Wuri ɗaya na san ya rage. Bayan kaburbura a makabartar cocinmu akwai rabin eka da garma ba ta taɓa shiga ba. An killace shi don matattun da za a yi, sai mutane suka ƙaura birni suna mutuwa a can. Ina ɗaliba na ƙirga tsiro iri casa'in da uku a wurin. Shi ya sa na ɗauko jakunkuna. Na tsara mako uku na Oktoba ina tsinkar iri da hannu, kowanne da jakarsa da sunansa. Sau biyu na ce wa Emil a waya kada a taɓa wurin. Ya ce, "To, Farfesa."

Ban wuce gida ba, makabarta na fara zuwa. Tun kafin in kashe mota ƙamshin ya gaya mini.

An yanke ta. Rabin ekar nan kwance take, layi-layi. Gamba mai kai kamar ƙafar talo-talo, da ke wuce kan mutum, da furannin rawaya, da masu ruwan shuni, duk a ƙasa. Emil na zaune a kan tayar tsohuwar taraktar Baba yana shan gahawa a murfin fulas. Ya yi ƙiba, gashinsa ya tafi.

Ya ce, "Ga Farfesa. Kin rame. Ba sa dafa abinci a can ne?"

"Yaushe ka yanke?"

"Ɗazu da safe. Ko gaisuwa babu? To bari in yi miki: sannu, Emil, ya gona, ya yara. Lafiya lau, ƙanwata, na gode."

"Na ce maka kada a taɓa."

"Kin ce. Fadan coci kuma ya ce mutum saba'in za su zo ran Asabar. Ina za su ajiye motoci? Kuma Mama ce kwance a nan, ba ɓera ba. Tana raye ba ta yarda da tsinke ɗaya a ƙofar gidanta, sai yanzu in bar ta cikin daji?"

"Mako uku kawai na roƙa."

"Ni wata shida na yi ina juya ta a gado. Kada mu fara lissafin kwanaki, Lida, ba za ki ji daɗi ba."

Gaskiya ya faɗa. Na shiga cikin layukan. Da tsohon injin Baba ya yi yankan, mai dogon wuƙa a gefe, don sabon ya shaƙe da tsawon ciyawar. Wannan injin ba ya niƙa, kwantarwa kawai yake yi. A lokacin ban ga amfanin hakan ba. Jakunkunana arba'in kawai nake gani.

Sai ga motar Teta Vlasta, ƙanwar babanmu. Shekara tamanin da ɗaya, har yau ita ke tuƙa kanta, a tsakiyar hanya. Ta fito da faranti a rufe da tawul.

Ta ce, "Tun daga kan gada nake jiyo ku. Uwarku ko wata bakwai ba ta yi ba, kun zo kanta kuna haushi. Zo nan, Lidushka, in gan ki. Kai! Ƙashi da tabarau. Ci kolaci."

Na ɗauki ɗaya, ɗan burodi mai zaƙi da cuku a tsakiya. Na gaya mata abin da ya faru. Na ce wurin nan shekara ɗari da hamsin ba a taɓa shi ba, yau Emil ya gama da shi a safiya ɗaya.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Wa ya ce miki ba a taɓa shi ba?"

"Babu alamar garma a ƙasar. Na auna."

"Garma daban, lauje daban. Kowace shekara ana yanke ta, yarinya. Tsoho Kucera mai haƙa kabari, ba a ba shi ko sisi, ciyawar ce ladansa. Amma doka ce, ba ya sa lauje sai makon idi, don mata na tsinkar furanni na coci duk bazara. Shekara arba'in yana yi. Da ya mutu babanku ya karɓa, da wannan ƙarfen da wancan ƙaton ke zaune a kai. Ke lokacin kina makarantar kwana, kina can kina zama mai hankali."

Emil ya ce, "Kin ji ko, Farfesa?"

Teta ta ce, "Rufe mini baki. Kai ma ba don ka sani ka yi ba, don motoci ka yi."

Na ce, "Ina Kucera yake kai ciyawar?"

Ta nuna da haɓa tsallaken hanya. "Bayan rumbunsa. Keken doki yake cikawa, ya watsa wa maruƙa a gangare. Rabi su ci, rabi su tattake."

Na san gangaren. Gidan Kucera ya daɗe da rushewa, sai harsashi da itacen tuffa ɗaya. A taswirar da na zana don jarrabawata ta ƙarshe na sa wa wurin alama, na rubuta cewa akwai ciyawar asali a nan, ba a san yadda ta zo ba, tunda tsohon hoton da aka ɗauka daga jirgi ya nuna an taɓa nome shi. Malamai uku suka karanta, suka sa hannu. Ba wanda ya ce in tambayi Teta. Ashe ingiricin Kucera ne ya kawo irin.

Muka tsallaka mu uku. Emil ya ɗauko shebur, wai saboda maciji. Gambar ta rufe mu. Ƙudan zuma da fara da wasu ƙananan tsuntsaye suna ta tashi a gabanmu. Gangaren ya fi tudun Mama tsayi, amma babu ko zirin kwazazzabo. Na karɓi shebur na taka. Bai shiga ba. Emil ya ture ni, ya hau da nauyinsa duka, ya ɓamɓaro dunƙule. Baƙa ƙirin, saiwoyi sun saƙe ta kamar tabarma. Ya murtsuke ta a hannu, ya shinshina. Manomi ne, ba sai na yi masa lacca ba. Ƙasar tudunmu launin toka ce yanzu, in ta bushe sai ka ce bulo.

Ya ce, "Wannan ta shanye ruwan saman da aka yi ran Laraba duka."

Na ce, "Ta tudu fa?"

"Ta tudu tana cikin rafi."

Na koma makabarta da sauri. Na durƙusa, na ɗebo kan gamba na murza a tafin hannu, na hure ƙaiƙayin. Na ciza ƙwayar. Wata da tauri, wata ruwa-ruwa. Na bi layi biyar ina yi. Kusan rabi ya nuna. Wasu tsirran na farkon bazara sun riga sun zubar, ba za a same su bana ba. Amma rabi ba kaɗan ba ne.

Na ce wa Emil, "Ina son tirela da manjagara, yanzu. In ciyawar ta kwana a tare za ta yi zafi ta dafa irin. Ka girbe waken suya a tudu?"

"Makon jiya."

"To ƙasar a buɗe take. A watsa ta a kai yadda Kucera ya yi."

"Eka arba'in da wannan?"

"Eka biyu. Bakin kwazazzabo. Sauran ka ci gaba da nomawa. In biyun sun kama, su za su ba da irin na gaba."

"Shekara nawa ke nan?"

"Ashirin. Ko fiye."

Ya yi dariya, ba ta jin daɗi ba. Ya zubar da sauran gahawar a ƙasa.

Ya ce, "Bari in gaya miki abin da ba ya cikin littafinki. Yana ciki ma, na sani, na karanta abin da kika turo. Shekarar farko ba abin da zai fito sai ƙaya da ciyayin banza. Sai an sare su sau uku, in ba haka ba su kashe taki. Shekara ta biyu ma haka. Duk mai wucewa a hanya zai ga gonar gidanmu, gidan Havlik, ta zama juji. A shagon gahawa ni za a yi wa dariya, ba ke ba. Wa zai yi yankan a watan Yuni ina tsakiyar feshi? Ke kina can kina hawan keke a bakin ruwa, ki turo mini saƙo, Emil ka yanke, Emil kada ka yanke. Na yi wannan da Mama. Ba zan sake yi da ciyawa ba."

Teta Vlasta ta rufe farantinta.

Na ce, "Ka kawo tirelar. Maganar yanka a bar ta zuwa yamma."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya hau tarakta.

Sawu huɗu muka yi. Ni ina tarawa da manjagara, shi yana lodawa. Teta ta zauna a kan dutsen mijinta tana ba da umarni, wai Kucera shi kaɗai yake yi kuma da ƙafa ɗaya mai ciwo. Kafin sawu na biyu tafin hannuna ya yi bororo, kafin na uku ya fashe. Emil ya gani, ya cire safar hannunsa ya jefo mini.

A tudu muka watsa ta da sauƙi-sauƙi, yadda za a riƙa hango ƙasa ta ƙarƙashi. In ta yi kauri ta danne abin da ta kawo. Emil ya bi ta kai da tayoyin tarakta sau biyu, a madadin maruƙan Kucera. Iska na ta ɗiban wata tana kaiwa cikin kwazazzabo. Na bar ta. Can ma ana buƙata.

Da muka gama ba abin kallo ba ne. Tsumman ciyawa a kan ƙasa mai toka. Ban san ko za ta kama ba. In sanyi ya zo babu dusar ƙanƙara, ko bazara ta zo da fari, aikin yau ya tafi. Casa'in da uku na ƙirga a makabarta. In talatin suka fito a nan, na ci.

Rana ta yi sanyi muka isa gidan Mama. Emil ya sauke mini jaka a baranda. Na buɗe motar haya na ciro takardarsa na miƙa masa. Ya buɗe, ya duba gurbin sa hannu, ya ninke ya sa a aljihun riga.

Ya ce, "Dama na sani. Yaushe jirginki?"

"Ƙarshen Oktoba."

Mabuɗin ya yi gardama, sai da na ɗaga ƙofar da gwiwa yadda Mama ke yi. Ciki na warin rufi da sabulunta. Takalmanta na gona na nan a bayan ƙofa, da busasshen laka. Na ajiye nawa kusa da su. Emil ya shigo ya tsaya a tabarmar ƙofa da hula a hannu, iska na turo ƙaiƙayi ta bayansa.

Na ce, "Injin Baba, ka bar shi a rumbun nan. Ka nuna mini yadda ake wasa wuƙar."

"Na me?"

Na zagaya shi na rufe ƙofar.

"Jirgin zai tafi ba ni. Ni zan yi yankan Yuni."