Hannun Kangwa da Bakinsa

Tun ranar da mawaƙinsu ya tattara ya kama aiki a ramin haƙar tagulla, Kangwa bai sake zama wuri ɗaya ba. Shi ne mai kaɗa bes, jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, a ƙungiyarsu ta kiɗan rok a garin Kitwe, kuma waƙoƙin duk shi ya tsara su. Ya rantse babu baƙon da zai zo ya rera masa su. Shi zai kaɗa, shi zai rera.

Faɗa da baki ba wuya. Bes hanyarta daban, waƙa hanyarta daban. Da ya buɗe baki sai yatsun su saki kiɗansu su bi harshe. Lombe mai ganga kuwa da bes yake kama hanya, sai komai ya dagule. A gwaji na uku Lombe ya ajiye sandunansa ya ce shi fa ya gaji. Ranar Asabar suna da wasa a zauren ma'aikatan ma'adinai. In zuwa Juma'a Kangwa bai iya ba, akwai wani mawaƙi ɗan garin Ndola mai zaƙin murya yana jira, Kangwa ya ja baya da jitarsa ya yi shiru.

Wani tsohon makaɗi ya ba shi dabara: ya riƙa kaɗawa ana yi masa hira yana amsawa, har hannun ya daina kula abin da bakin ke ciki. Wa zai yi masa hirar? Nsofwa mana, matarsa, wadda rabon da ya zauna ya saurare ta har ta manta.

Haka aka kwana huɗu. Yana kai da kawowa daga taga zuwa ƙofa da jita a wuya, tana tuƙa tuwon masara tana jefo masa tambaya. Ta tambayi sunan ƙauyen kakarsa, yatsa ya zame. Ta tambayi ranar da aka haifi 'yarsu Chola, kiɗan ya tsaya cak, amsar ma ba daidai ba. Tuwo ya huce, ya ce ta rufe. Ta ce yarinyar na tari, ya ce madalla, ta ƙaro wata mai wuya. Mutumin da ke jin tsirkiya ta saki ko daga bayan gida yake, bai ji muryar matarsa ta sauya ba.

Ranar Alhamis da hantsi ta zo ta tsaya a gabansa, tana goge hannu da zaninta.

"Baban Chola, kana ji na?"

"Ina ji, ci gaba."

"Gobe zan bi motar Kasama ni da yarinya. Gidanmu zan koma."

Daɗi ya kama shi, yau ta kawo mai wuyar gaske. Yatsun na ta tafiya, dum, dum, ba gargada.

"Ƙarfe nawa motar?"

"Bakwai."

"To Allah ya kiyaye hanya. Ki gaida su Mama."

Ko kuskure ɗaya babu. Ya daka tsalle yana dariya, yana cewa ɗan Ndola ya ci kansa, Lombe ya zo ya ji. Nsofwa ba fuskarsa take kallo ba.

"Na gani," ta ce. "Tun da na fara magana yatsunka nake kallo. Na ce ko za su tsaya."

Ta shige ɗaki. Ya ji tana jan akwati daga ƙarƙashin gado, sai tsoro ya kama shi. Ya kira sunanta sau biyu. Sai da ya kai bakin ƙofar ya lura har yanzu hannun yana kaɗawa.