Yafiyar da Sahura Ta Hana

Ciwon Yaya Sahura ya dawo bayan shekara huɗu. Kansar bakin mahaifa ce. Wancan karon an gasa wurin da na'ura, ta miƙe garau, ta koma sayar da shinkafarta a kasuwar Gummi. Yanzu ga wani ƙulli ya fito can cikin ƙugu.

Likita ya kira ni da babban yayanmu Modibbo. Ya ce wurin ya riga ya sha wuta, amma akwai na'ura a Abuja da ke auna ƙullin shi kaɗai, zama biyar. Bai ɓoye mana ba: hanji na iya ƙonewa, kuma babu tabbas.

Muna fitowa Modibbo ya ce, "Jiki ɗaya, wuta biyu? Habsu, ki kama bakinki." Ita kuwa ya ce mata an ce a je gida a huta. Sannan ya aika wa dangi.

Ranar Juma'a suka fara sallama, na Anka, na Bukkuyum. Kowa sai ya durƙusa bakin gado, ya sassauta murya: "Sahura, ki yafe mani." Wallahi haushi ya cika ni. Mace tana zaune tana shan furarta, ana yi mata bankwana!

Ta yafe wa mutum bakwai. Da Gwaggo Hannatu ta ɓarke da kuka, sai Yaya ta ajiye kwano.

"Habsu, mi likita ya ce wanda ban ji ba?"

Na faɗa mata tas, har da maganar hanjin. Modibbo na hararata daga bakin ƙofa, ko a jikina.

Yaya ta ce, "Jibi za mu Abuja. Cikin nawa ne, ni zan ce ya isa." Ta juya ga Modibbo. "Yaya, kai ba ka nemi taka ba."

Ya matso, idonsa ya yi ja. Yana sonta, na sani, tsoro ne ya sa shi.

"Ki yafe mani, Sahura."

"Ban yafe ba. Sai na dawo."

"In ba ki dawo ba fa?" Muryarsa ta karye.

"To, ka san abin da za ka roƙa in ka kai goshi ƙasa."